Daren da taya ta kwanta a hanyar Daura

Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ne a cikin birnin Katsina, amma a Daura aka yanke mani cibiya, kuma can mahaifiyata take zaune har yau. Duk bayan sati biyu, in lafiya ta samu, nakan kwashi iyali mu je mu gaishe ta. Tafiyar ba ta da nisa, kimanin kilomita 80 ce in ka bi ta Mashi da Shargalle. A kan wannan hanyar na riƙe motoci uku, kuma a kanta ne na kusa hallaka mutum huɗu da suka fi kowa kusa da zuciyata, saboda 'yan kuɗin da na so in tsimi. Na daɗe ina jin nauyin bayar da wannan labari. Abin da ya sa na daure shi ne ina ganin ƙannena malamai da ƙananan ma'aikata suna bin sawun da na bi.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban ma'aikata ne. Peugeot 504 yake ja, irin wadda ake haɗawa a Kaduna, wadda kowa ke kira fijo. Motar ba tashi ba ce, amma ban taɓa ganin wanda ya riƙe amanar ƙarfe kamarsa ba. In ya dawo daga sallar asuba, kafin ya sha koko, sai ya ɗaga bonet, ya zaro sandar awon baƙin mai ya goge ya mayar, ya leƙa ruwan lagireto, ya zagaya tayoyi huɗu yana dubawa. In ya tada ta kuma ba ya tafiya nan take, yakan tsaya ya karkata kai yana saurare. Ina yaro na tambaye shi me yake ji, ya ce mani mota ba ta kayar da mutum sai ta faɗa mashi tukuna. Na ji maganar, na ajiye ta inda yara ke ajiye maganar manya.

A 2010 na sayi motata ta farko, Golf 3, da kuɗin adashi da ɗan rancen ƙungiyar malamai. 'Yar gida ce, an riga an more ta a nan. Da dillali ya kawo ta, sai na tafi da ita garejin wani dattijo abokin mahaifina a wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ya tsufa a gyaran fijo. Baba muke ce mashi. Bai kalli fenti ba ko sau ɗaya. Ya sa yaro ya tada ta, shi kuma ya koma baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba ko ya yi fari-fari kamar kindirmo, wanda ke nuna ruwa na haɗuwa da mai. Ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashi yana neman inda aka yi walda. Da ya fito ya karkaɗe riga, sai ya ce, "Malam, saya. Amma ka canza taimin bel tun yau, don ba mu san ranar da aka sa wanga ba."

Shekara huɗu na yi da Golf ɗin nan, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Manuwal ce, in batir ya yi sanyi yara biyu sun isa su tura ta ta tashi. Kayanta kuwa ko'ina akwai, domin ita ce motar da 'yan haya suka riƙe a wannan yanki. Ko a Mashi ta tsaya, ko a Kankiya, ko a Mai'aduwa, za ka samu wanda ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Ba ta da na'urar sanyaya ciki mai aiki, saboda haka a watan Afrilu mukan isa Daura riga ta manne a baya, yara sun yi laushi. Wannan ban damu da shi sosai ba. Abin da ya ci mani rai daban ne. In na rage gudu a bakin hanya sai ka ga mutane sun ɗaga hannu suna cewa "Daura? Mashi?" Wata rana a wajen ɗaurin aure wani ya miƙo mani kuɗin mota a gaban abokan aikina. Bai yi da mugun nufi ba. Amma daga ranar na fara kallon motar da ta rufa mani asiri da idon raini.

A wancan lokacin motocin Beljiyom ta Kwatano suke shigowa, su ratso Nijar, su biyo ta Maraɗi su faɗo Jibiya. Sai a farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa. To a 2014 kasuwar na ci sosai, kowane dillali da hotunan motoci a wayarsa. Na ga Honda Accord ƙirar 2003, wadda ake kira EOD, baƙa wuluk, kujerun fata, injin V6 mai filogi shida. Dillalin ya ce mani wannan ita ce motar manya, in na taka totur zan ji bambanci. Gaskiya ya faɗa. Na sayar da Golf, kuɗin ba su kai ko rabi ba, na sayar da ɗan filin da muka daɗe muna tanadi ni da uwargida a hanyar Dutsin-Ma. Ta yi mani magana sau ɗaya, a hankali, ta ce, "Malam, fili fa ba ya shan mai." Na ce mata Allah zai kawo wani. Lambar shasi da takardun kwastan kaɗai na tsaya na gwada, suka yi daidai. Ban kai ta wurin Baba ba sai bayan na biya kuɗi da la'ada, domin na san abin da zai tambaye ni, kuma ba ni da amsa.

Da na kai ta, ya zagaya ta, ya ce mota ce mai kyau, Allah ya sa alheri, ya tsare. Daga nan ya tambaye ni nawa ne albashina yanzu. Na faɗa mashi. Ya yi shiru, ya ce Allah ya rufa asiri.

Dole in faɗi gaskiyar motar nan, domin ba na son wani ya karanta ya ce na ɓata ta. Ban taɓa zama cikin abin hawa mai daɗinta ba. A kan kwalta kamar kana kan ruwa. Ka rufe gilashi, ƙura da hayaniya su tsaya a waje. Hajiya, mahaifiyata, tana fama da ciwon gwiwa, kuma a cikin wannan motar ce kawai take isa Katsina ba ta ce wash ba. Ranar da na fara kai ta gida, maƙwabta suka fito, Hajiya ta yi ta sa albarka. Ina tuna wannan ranar har yanzu da daɗi.

Sai dai abin da take ci ya fi ƙarfin aljihuna. Lokacin da na saye ta litar fetur naira 97 ce, a farkon 2015 ta sauko 87, na ga kamar abin zai yi sauƙi. Tankinta yana ɗaukar kusan lita 65, kuma a cikin gari, da tsaye-tsaye da sanyaya ciki, allurar mai tana sauka kana kallo. A watan Mayun 2016 lita ta koma 145. A shekarar ce kuma naira ta faɗi, duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi ya tashi. Albashi kuwa yana nan inda yake, ga kuɗin makarantar yara, ga maganin Hajiya. Sai na fara abin da mai mota ke yi in ya gaza: juyen baƙin mai da ya kamata a yi wannan wata sai wata mai zuwa, taya ta sude sai a nemo Beljiyom guda ɗaya a lallaɓa, ƙara ta taso sai a ƙara sautin rediyo.

Ƙarar ta fara ne a ƙafar gaba ta dama. In na hau tudun rage gudu ko na karya kwana a hankali sai in ji ƙwas, ƙwas. Na yi sati uku ina jinta kafin in je gareji. Baba ya sa aka ɗaga ta da jak, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ya sa ƙarfe ya ɗan banƙara. Ya kira ni ya ce in sa hannu in ji da kaina. Boljoyin na ƙasa ne, wato mahaɗin da ke riƙe taya da ƙafar mota, ya yi wasa. Ya yi mani bayani cewa a irin ƙirar ƙafar wannan motar nauyin gaba yana rataye ne a kan wannan ɗan ƙarfen, in ya fita daga mazauninsa ba jijjiga za ka ji ba, tayar ce gaba ɗaya za ta kwanta. Ya ce a canza duka biyun, dama da hagu, kuma kada in sayi ko wane iri, in bari ya aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, wurin mutumin da ya yarda da shi. Ya faɗi kuɗin. Na ce mashi zan dawo in an yi albashi.

Ban dawo ba. Na shiga wani shago da kaina, aka nuna mani iri biyu. Ɗaya kuɗinsa ya kusa abin da Baba ya faɗa, ɗayan bai kai kashi ɗaya cikin uku ba, kuma kwalinsa ya fi kyau, har da tambari mai ƙyalli. Mai shagon bai ɓoye mani ba, ya ce kowane da kuɗinsa. Na ɗauki mai arha, guda ɗaya, na dama kaɗai. Kunya ta hana ni kai wa Baba, sai na kai wa wani yaro a wata unguwa ya buga mani shi. Ƙara ta ɗauke. Na yi murna, har ina ganin na yi dabara.

Bayan wata biyar, cikin Agusta, damina ta yi nisa, na ɗauko Hajiya ta zo ganin likita a Katsina. Ta kwana biyu a wurinmu, ranar Juma'a da yamma muka kama hanyar mayar da ita. Tana gaba kusa da ni saboda ƙafarta, uwargida da yara biyu suna baya. Mun yi sallar magariba a Mashi. Ana yayyafi kaɗan-kaɗan. Mun wuce garin da 'yan mintuna sai fitila ta hasko shanu suna tsallaka titi, wani ɗan Fulani yana kora su da sanda. Na taka birki na sauko sosai, na jira suka wuce. Ina fara ɗaukar gudu ke nan, ban kai ko'ina ba, tayar dama ta faɗa wani ɗan rami da ruwa ya rufe.

Na ji ƙara kamar an fasa dutse. Gaban motar ya nutse ta gefen Hajiya, sitiyari ya fizge daga hannuna, ƙarfe na gurzar kwalta, tartsatsi na tashi ta gefen gilashi. Ina jin Hajiya tana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," yara suna kuka. Ban san yadda na yi ba. Motar ta ja mu zuwa dama, ta sauka daga kwalta, ta tsaya a bakin wata gonar gero. Da na fito da fitilar waya, na ga tayar ta kwanta a ƙarƙashin mota, ta karkace kamar ƙafar da ta karye. Na juya na kalli titi. Minti biyar kafin nan ina gudun da ba zan so in faɗa ba. Da ba don shanun nan ba, da a wannan gudun abin zai same mu, kuma manyan motoci na tahowa ta ɗaya hannun.

Babu wanda ya ji ciwo, in ban da goshin ƙaramar 'yata da ya bugi kujera. Na zauna a kan ciyawa mai laima, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Wanda ya fara tsayawa direban haya ne, a cikin Golf 3, ya sauke fasinja a Katsina yana komawa gida babu kowa. Ya duba, ya ce, "Alhaji, ku gode wa Allah, na ga irin wannan da ba a fita ba." Ya kwashi Hajiya da uwargida da yara ya kai su har ƙofar gida a Daura. Na miƙa mashi kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce shi ma yana da uwa. Ina tsaye ina kallon fitilun bayan motar da na raina suna tafiya da iyalina. Mutanen wani ƙauye da ke kusa suka fito da tocila, suka taya ni sa ganye a kan titi don masu tahowa, wani ya kawo tabarma da fura. Biyu daga cikinsu suka zauna tare da ni har dare ya raba. Ban san sunan ko ɗaya ba, amma ina sa su a addu'a.

Da asuba na kira Baba. Kafin ƙarfe tara ya sauka daga motar haya, shi da yaronsa da akwatin sifana. Ya durƙusa, ya zaro abin da ya rage na boljoyin ɗin, ya juya shi a hannu. Robar ta yage tuni, babu ɗigon giris a ciki, ƙwallon ya cinye ya fice daga kwaskonsa. Ya ɗago ya ce, "Malam, ina ka samo wanga?" Na faɗa mashi komai, ban rage ba. Na ɗauka zai yi faɗa, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce, "Ni da mahaifinka mun ci abinci kwano ɗaya shekara talatin. Da ka ce mani babu kuɗi, da na sa maka na kirki ka biya ni sannu a hankali. Hajiya ce fa a gaba." Bai ƙara ko kalma ba, ya juya ya ce wa yaron ya kawo jak. Ina da shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, na koma bayan mota na yi kuka.

Abin da ya lalace a daren nan ya haɗa da shaf, da hannun ƙafa na ƙasa, da bututun man birki, da taya da rim, da fenda da sai da mai gyaran bodi ya buga. Kuɗin da na kashe sun ninka abin da na tsimi fiye da sau goma, kuma Baba ne ya tsaya mani aka ba ni wasu kayan bashi. Aka sa boljoyin na kirki dama da hagu. Na ƙara shekara ɗaya da rabi da motar, ƙafarta ba ta sake ko tari ba. Shi ya sa in na ji ana zagin irin motar a majalisa, ana cewa tana cire ƙafa, nakan ce a tambayi mai ita wane kaya ya sa mata, kuma sati nawa ya yi yana jin ƙara. Ni dai tawa ta faɗa mani, kamar yadda mahaifina ya ce.

A 2018 na sayar da ita ga wani ɗan kasuwa da ke da ƙarfin riƙe ta. Wannan karon tun kafin in ga dillali na je na zauna a kan benci a garejin Baba, na faɗa mashi abin da ke hannuna da abin da nake samu a wata. Ya ce in nemi Corolla ko Vibe. Corolla ta fi ƙarfina, domin sunanta kaɗai kuɗi ne. Muka samu Pontiac Vibe ƙirar 2005. Mutane da yawa ba su san cewa sunan ne kawai na kamfanin Amurka ba, injinta da giyarta na Toyota ne, tagwaye suke da Matrix, kuma injin mai lita 1.8 shi ne dai na Corolla ta wancan zamanin. An daina yin motocin Pontiac tun 2010, amma kayan inji ba sa wuya saboda wannan dangantaka. Fitilu da kayan bodi ne wani lokaci sai an aika Kano.

Baba ya duba ta irin dubansa, ya ƙara da leƙa salansa ya tabbatar ba a fasa an kwashe abin da ake kira indomi ba, mai tace hayaƙi, wanda ake cirewa a sayar. Daga nan ya yi abin da ya ƙara mashi girma a idona. Ya ce motocin yanzu suna da ƙwaƙwalwa, shi kuma kunne ya iya, bai iya kwamfuta ba. Ya tura ni wurin wani tsohon yaronsa da ya koyi sa na'ura, ya ce in ya gama in dawo ya ji me ta ce. Wannan yaron ne ya hana ni cire tamostat, ɗan ƙarfen da ke daidaita zafin inji, wanda ake cire wa kusan kowace mota da ta shigo, wai don ƙasarmu da zafi. Ya ce in bar ta yadda aka ƙera ta, in riƙa zuba ruwan lagireto na gwangwani maimakon ruwan rijiya mai sa tsatsa, in kuma yi amfani da baƙin mai mara kauri irin wanda aka rubuta a kan murfin injin. Na bi, kuma ko a tsakiyar bazara allurar zafi ba ta taɓa wuce inda take tsayawa ba.

Vibe ba ta da daɗin EOD, ko kusa. Kana jin ƙarar titi a ciki, kujerunta sun fi tauri, in za ka wuce tirela sai ka yi lissafi tukuna. Hajiya ta lura tun ranar farko, sai da muka sa mata matashi. Amma ta ɗan fi tashi daga ƙasa, tana shiga lungunan unguwarmu da damina ba tare da cikinta ya gurji ƙasa ba. In ka kwantar da kujerun baya tana ɗaukar buhunan gero da wake daga Daura, ta taɓa ɗauko mani ragon layya daga kasuwar Mai'aduwa. Na sayi ɗan littafi na ajiye a aljihun dashbod, ina rubuta ranar juyen mai da lambar kilomita da duk abin da aka canza. Duk wata, ranar da albashi ya shigo, akwai abin da nake cirewa in ba uwargida ta ajiye da sunan mota. Ita ta kawo shawarar, kuma ba ta ba ni ko sisi daga ciki sai ta ji sunan abin da ya lalace.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin mai. Tankin Vibe lita 50 ne. Kafin ranar ina cika shi da abin da bai kai naira dubu 10 ba, cikin 'yan kwanaki ya haura dubu 25, kafin ƙarshen 2024 kuma sai da ya kai wajen dubu 50. Na ga abokan aikina sun jingine manyan motoci a ƙofar gida, ƙura ta rufe su, tayoyi sun sace. Ni ma na koma hawa babur zuwa makaranta, motar sai tafiyar Daura da asibiti da hidimar iyali. Dillalai sun sha tare ni suna taya ta da kuɗin da suka ninka abin da na saye ta. Na ƙi, domin na san in na sake ta, abin da za a ba ni ba zai sayo mani kamarta ba. Filin da na sayar kuwa yanzu gidaje ne a wurin, nakan wuce ta gabansu. Har yau ban mayar da shi ba, muna gidan haya.

Baba ya tsufa, ido ya yi rauni, yaransa ke aiki yana zaune a kan benci. Amma duk ranar Alhamis ɗin da za mu yi tafiya washegari, nakan kai motar a ɗaga gabanta, shi kuma ya sa a kama hannunsa a ɗora a kan taya ya girgiza da kansa. Satin da ya wuce ya girgiza ta hagu, ya sake girgizawa, ya ce tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, ya fara wasa. Abin da ke hannun uwargida ya tafi a kan tayoyi biyu da muka canza watan jiya, albashi kuma saura kwana shida. Ya ce a sa mani in biya daga baya, na ce to, amma sai an aika Kano, kayan ba za su iso ba sai Litinin.

Na fita bakin gareji na kira Hajiya, na ce mata ba za mu samu zuwa gobe ba, sai Juma'a ta sama. Ta tambaya ko lafiya. Na ce lafiya lau, ƙafar mota ce ake jiran kayanta. Ta ce, "To, ku zauna abinku, kada ka taso sai an gyara. Ka gaishe mani da Baban naku." Na koma ciki na isar da gaisuwar, na bar masu makulli, na tari mai Keke Napep zuwa gida.